Tabon Gangan

Kwana goma sha ɗaya ɗan ƙanwata ya yi yana haɗa hular. Hutun damina ne, ya dawo Yelu daga Dosso inda yake karatu, kuma tun ranar da ya sauka ya mamaye kusurwar zauren gidanmu da tarkace. Akwai fasasshiyar hular ɗan kabu-kabu da ya roƙo wurin wani mai gyaran babur. Akwai bokitin roba da ya yanka ya kara a garwashi har ya yi laushi ya lanƙwasu yadda yake so. Ga gam, ga samfefa, ga irin ƙullin nan da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, wanda sai da ya ba da saƙo Gaya aka sayo masa. Wayarsa na jingine da bango, hoton abin da yake kwaikwayo na kanta. Ya shafa, ya bari ya sha iska, ya goge, ya sake shafawa. Ran na goma sha ɗaya ya fesa mata fenti ruwan azurfa, ya ɗora ta a kan kifaffen turmi a tsakar gida. Ƙyalli take yi har kana ganin fuskarka. Inna ta fito daga madafa ta zagaya ta sau biyu, ta sa masa albarka, ta ce hannun yaron ga hannun maƙera ne.

Bayan kwana uku ta sake ganin ta. Ta koma kore, fentin ya ɓamɓare a wurare, baƙin ruwa ya zirara daga gefen ido zuwa haɓa. Ta dafe ƙirji.

"Maigida, mi ya sami hular ga? Wa ya ɓata maka ita?"

"Ni na yi, Kaka. Ba ɓatawa ba ce. Aikin ke nan."

"To in ba ɓatawa ba ce, mi sunanta?"

Ya buɗe baki ya rufe. Kalmar da yake da ita ta Turanci ce, wadda ya tsinto a waya, kuma ya san ba za ta shiga kunnen kakarsa ba. Ya juyo ya dube ni. Ni da na shekara ashirin ina koyar da Hausa, na lalubi bakina ban sami abin ba shi ba. Tun daga ranar tambayar Inna ta zauna mini a rai.

Hular ta wani mutum ce da bai taɓa zuwa duniya ba. Sunansa Boba Fett, mafarauci ne da ake biya ya kamo mutane, a cikin finafinan Amurka na Star Wars. Irin ƙagaggun labaran kimiyya ne da ke kai mai kallo wasu duniyoyi, kamar yadda Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Fim na farko na Star Wars ya fito a 1977. Kafin shi, yawancin masu irin wannan fim tas-tas suke nuna gobe, jirage sumul, tufafi kamar yanzu aka ciro su daga leda. George Lucas, wanda ya shirya fim ɗin, bai yarda da haka ba. Ya so jiragensa su yi kama da motocin da suka sha hanya, da maiƙo da faci da lotsawa. Roger Christian, wanda ya ƙawata masa ɗakunan fim, tarkacen tsofaffin jiragen sama ya sayo a Ingila ya lilliƙa a bango. A hamadar Tunisiya, inda aka ɗauki wani sashe a 1976, da gangan aka yaɓa wa fararen kayan sojojin dauɗa. Ido ba ya gaskata wurin da babu alamar an taɓa zama a cikinsa, kuma Lucas ya gane haka.

Shi Boba Fett a fim na biyu ya yi suna, The Empire Strikes Back, a 1980. Da farko fari fat aka yi kayansa. Daga baya aka bi su da kore da ja da ruwan ɗorawa, aka kwarzane su, Joe Johnston da ya zana shi yana cikin masu fentin. A saman goshin hular aka bar lotsawa guda. Duk tsawon fim ɗin ba a ga fuskar mutumin ba, maganarsa ma ƴan jimloli ce. Lotsawar nan ce ta yi masa baki. Kowa ya gan ta ya san an taɓa auna wannan kai, kuma mai kan ya tashi. Yau dubban mutane a ƙasashe da yawa suna kwaikwayon waɗannan kaya. Wata ƙungiyarsu mai suna 501st Legion, da aka kafa a Amurka a 1997, tana da ƙa'idoji masu tsauri kan launi da wurin tabo, kuma ƴaƴanta kan sa kayan su je gaida yara a asibitoci ko su tara kuɗin taimako. A tsakaninsu, in ji ɗan ƙanwata, bokiti suke ce wa hular.

Na ji daɗin wannan, don mu ma daga kayan madafa muka raɗa mata suna: hular kwano. A nan Nijar ƴan kabu-kabu sun fi cewa kask, aron Faransanci. Amma muna da kalma tamu da ta girme su duka, kwalkwali. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, bayan asarar mayaƙa da ya yi a yaƙi da Umbutawa. Kwalkwalin da muka sani a hawan salla na tsumma ne da aka nannaɗe aka dunƙule, aka lulluɓe da ƙyalle, aka ɗora masa kan tagulla ko farin ƙarfe, aka soka gashin jimina. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zarmakoy a Dosso ranar hawa ya ga mahaya cikinsa, su da dawakinsu a lulluɓe, ido kawai ke waje. Kalmomin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Hular kwano abin da doka ta ɗora maka ne. A farkon 2009, da Nijeriya ta tilasta wa masu babur sa ta, an ga ƴan acaɓa a Kano da ƙwarya a ka ɗaure da igiya. Kwalkwali kuwa abin gado ne, yana da gida, yana da mai shi. Da na ga yadda yaron ke riƙe tasa da hannu biyu, sai na daina ce mata hular kwano.

Ga yadda ya yi aikin, don na zauna kusa na gani. Fentin azurfar nan da ya burge Inna ashe shimfiɗa ce, ita za ta tsaya a matsayin ƙarfen da ke ƙasa. A kanta ya ɗiɗɗiga man goge baki da tsinken tsintsiya, a duk inda yake so fenti ya ɓare. A wasu wurare ya yayyafa ruwa ya barbaɗa gishiri, ya jira ya kama. Sannan ya fesa toka-toka, ya ƙara man a gefen na farko, ya fesa kore. Da komai ya bushe ya sa jiƙaƙƙen tsumma ya murza. Man ya tashi da fentin da ke kansa, gishirin ya zube, sai ga azurfa tana leƙowa, da zoben toka kewaye da ita, kamar fenti hawa biyu da shekaru suka kankare. Gishirin na Foga ne, daga kwarin da ke ratsa ƙasarmu, inda ake kankaro ƙasa a tace a dafa, sana'ar da Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana yi da ya ratsa a 1853. Duk ɗan Yelu ya san abin da wannan gishiri ke yi wa ƙarfe in ya daɗe tare da shi. Abin da yake yi a shekaru da gaske, shi yaron ya sa shi ya yi a sa'a guda da wasa.

Sai dai aikin farkon bai yi ba, kuma wani tsohon maƙeri maƙwabcinmu ne ya gane haka kafin kowa. Ya shigo gaida Inna, ya ɗauki hular ya jujjuya ta a hannu kamar yana auna nauyin gatari.

"Ɗana, hular ga agana ta yi?"

"A'a, Baba. Yaƙi ta je."

"Wane yaƙi na ka bugun mutum daidai wa daida, gaba da baya? Ƙarhe ba shi cin zanzana. Inda hannu ka taɓawa, nan shika ci. Tahi ka duba ƙotar hauya, ka dawo."

Gaskiyarsa. Yaron ya rarraba tabon ne kamar mai shuka, taki ɗaya rami ɗaya, tun daga goshi har ƙeya. Ransa ya ɓaci ranar, bai ci tuwon dare ba. Da safe ya sa samfefa ya kankare aikin kwana uku, ya ce in raka shi cikin gari.

Yawon nan na fi tunawa a hutun gaba ɗaya. Mun tsaya a bakin tsohuwar rijiya, inda igiyar guga ta yi wa gungumen itace kwari-kwari, zurfin wasu ya kai gaɓar yatsa, kuma duk a gefen da mata suka fi tsayawa. Mun duba taɓarya, wadda ƙugunta ya yi santsi ya yi duhu inda tafin hannu ke kamawa, kawunanta kuma suka yi fari da garin hatsi. Mun duba ƙofar kwano ta wani shago. Tsatsa daga ƙasa ta faro, inda ruwan indararo ke fantsama, sai kuma daga kan kowace ƙusa, ta zirara ƙasa ja-ja kamar hawaye. Ba inda ta hau sama. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwa a Nijar, saboda haka tsatsarmu mai kauri ce, tana ɓarewa falle-falle. A tasha wani ɗan kabu-kabu ya ba mu hularsa muka duba. Samanta ya koɗe don rana daga sama take duka. Bakinta na ƙasa ya gutsuttsure don nan ke taɓa ƙasa duk sanda aka ajiye ta. Igiyar haɓa ta yi baƙi da gumi. Jar ƙasar hanya ta shige kowane lungu ta zauna, ta bar wuraren da iska da hannun riga ke shara. A gefe guda akwai doguwar ƙarzuwa. Yaron ya ɗora yatsa a kanta, mai hular bai jira tambaya ba ya ce, "Hanyar Kamba, shekara biyu ke nan, akuya ta gitta." Tabo ɗaya, da wurinsa da ranarsa da dalilinsa.

A hanyar komawa gida na fara jera kalmomin da Hausa ke ba tsufan kaya, ina neman wadda za ta amsa wa Inna. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan ci da sha a cikinsu. Tsatsa ta ci ƙarfe, gara ta ci azara, igiya ta ci itace, takalmi ya cinye. A wurin Bahaushe duniya baki gare ta, tana gutsurar kaya kaɗan-kaɗan. Shi kuma kayan sha yake yi: ya sha rana, ya sha hanya, ya sha hannu, ya sha wuya. Da wannan bakin muke cewa dattijo ya sha miya. Muna cewa mota ta ji jiki, kamar tana da jikin da ke ciwo. In muna so mu sakaya sai mu ce abin ya kwana biyu, ko da kwanan ya kai shekara arba'in. In ya ƙare ɗungum kuwa ba ma cewa komai sai ya mutu: riga ta mutu, fitila ta mutu. Kusan babu kalmar tsufan kaya da ba daga jikin ɗan Adam aka aro ta ba.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce gogewa. Ƙotar hauya ta goge, kwabo ya goge har ba a ganin rubutunsa. Amma in aka ce direba gogagge ne, ko ungozoma gogaggiya, yabo ne da ba a yi wa sabon hannu. Kalma ɗaya ta ɗauki ragewar abu da ƙaruwar mutum, domin hanyarsu ɗaya, yawan haɗuwa da duniya. Lotsawar goshin Boba Fett gogewa take sanarwa ta fuska biyun nan. Masu fim suna so ka dubi gogaggen ƙarfe ka yarda gogaggen mutum ke ciki.

Akwai kuma sabo da sabo. A rubuce ba ka raba su, sai a baki, da karin sauti. Ɗaya shi ne wanda bai taɓa shan hannu ba, sabo dal, sabo fil. Ɗayan shi ne abin da ke shiga tsakaninka da abu in kun daɗe tare, wanda aka ce turken wawa ne. Na biyun ne ke cinye na farkon. Takalmi sabo yana cizo, sai an saba ya kwanta da ƙafa, kuma ranar da ya kwanta ya bar zama sabo. Abin da ɗan ƙanwata ke ƙoƙarin zanawa a jikin hularsa shi ne sabo na biyu, alamar cewa wani kai ya daɗe a ciki.

Da na gama jerin sai na ga inda gizo ke saƙar. A duk waɗannan kalmomi mai aikin ba mutum ba ne. Rana ce, ko tsatsa, ko gara, ko kwanaki. Mai kaya ko dai ya gyara ko ya ɓata, ba mu ba shi aiki na uku ba. Yaron ya shiga gonar lokaci yana noma, shi ya sa harshe ya rasa inda zai ajiye shi.

Ba wai tabon gangan baƙo ne gare mu ba. Ranar kasuwa a Yelu ka dubi fuskokin dattawa, Kyangawa da Kabawa da Arawa da Zabarmawa, za ka ga aikin aska. Wanzami ne ya tsaga da niyya, don fuska ta faɗi asalin mai ita tun bai yi magana ba. Amma tsaga gaskiya take faɗa. Tabon hular labarin yaƙin da ba a yi ba ne. Wannan ya dame ni, ba zan ɓoye ba, domin na san wata sana'a da ke kama da wannan ƙwarai, kuma ƴan uwanmu na cikinta. A Abijan, fataken kayan sassaƙa, da yawansu Hausawa, wasu daga nan Nijar, sun daɗe da sanin cewa Bature ba ya son sabon gunki. Wani mai bincike, Christopher Steiner, ya zauna da su, ya rubuta littafi a kansu a 1994. Ana sassaƙa abu yau, a rataye shi a hayaƙin madafa, a goga masa taunannen goro, a shafa maiƙo da dauɗa, har ya yi kamar ya ga kakanni, sannan a sayar da shi ninkin-ba-ninkin. Ga kuma akasinsa a ƙofar gidanmu: shekara da shekaru motoci ƴan Kwatano suna ratsa gadar Malanbil zuwa Gaya, kafin a rufe ta a 2023, kuma kowa ya san yadda wasu dillalai ke cike lotsawa su fesa fenti don mai saye ya ɗauka ba ta taɓa karo ba. Wannan ya ɓoye aibi, wancan ya ƙirƙiro shi, duka biyun sunansu algus in dai mai saye bai sani ba.

Hannun ɗan ƙanwata da hannun mai tsufar da gunki aiki ɗaya suke yi. Har kayan aikin kusan ɗaya ne. Bambancin a baki yake. Duk wanda ya tambayi yaron sai ya ce, "Bokiti ne, Kawu ma ya ga sanda na yanka shi," har ya kifa ta ya nuna maka gam ɗin da ke ciki. Hausa ta raba waɗannan biyu tun tuni. Akwai jabu, akwai kwaikwayo. Jabu yana so ka manta cewa kama da wane ba ta wane. Kwaikwayo da kansa yake tuna maka, sannan ya ce zo ka ga iyakar kamar. Shi ya sa babu wanda ke kiran ƴan wasan kara na Damagaram maƙaryata in sun fito da bindigogi da tabarau na kara suna tafiyar manya, haka yaran tashe da gemun auduga. Ni kuma kunnena yana jin koyo a cikin kwaikwayo. Yaron da ya fita neman yadda zai yi tabon ƙarya, ya dawo ya iya karanta na gaskiya.

Wata damuwar ta rage. A 1966 Moustapha Alassane ya yi fim a nan Nijar, Le Retour d'un aventurier, kan saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Kayan aro ne suka hau masu su. Na yi tunanin ko haka za ta faru a zaurenmu, yaro ya san kowace ƙarzuwa a hular wani baƙo na fim bai san ta gidansu ba. Aikin yaron na biyu a kan hular ne ya kwantar mini da hankali. Ya taru da tabon a goshi da kunci da bakin ƙasa, ya bar ƙeya kusan lafiya. Baƙin da ya zuba a lunguna kunkunniyar madafar Inna ce, ya kankaro ya dama da ruwa da ɗan gam, ya shafa ya goge tun bai bushe ba, ya bar abin da ya maƙale. Ƙurar jar ƙasar hanyar Gaya ce, ya daka ya tankaɗe. Gefunan ya bi su da bakin fensir ya murza da yatsa har suka yi sheƙin ƙarfe. Tsatsar ta zirara ƙasa daga kan kowane dunƙule, yadda ƙofar shagon nan ta koya masa. Siffar ta Amurka ce, amma duk wanda ya san ƙasar nan in ya duba zai ce wannan mayaƙi a Dallol Mawri ya yi damina. Maƙerin ya sake ɗaukar ta, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yanzu ta je."

Inna ma ta zo ta tsaya. Ba ta ce ta yi kyau ba, kuma ban ga laifinta ba. Matar da ta yi rayuwarta tana wanke kwano da toka har ya yi ido, tana yaɓe ɗaki duk shekara, tana rina zanen da ya koɗe don kada a gane, ba za ta yi sha'awar dauɗa ba. Mu mutanen ƙyalli ne, mu ne muke buga shuni har ya yi walƙiya, kuma wanda faci ya zame masa dole ba ya yi masa kallon ado. Sai wanda sabo ya ishe shi yake marmarin tsoho. Ta dai dube ta, ta dubi jikanta, ta ce da bakinmu na yamma:

"Ashe tsuhwad da ita kaka yi."

Ga kalmar, a bakin wadda ta yi tambayar. Tsufar da. Tana nan a Hausa tun fil azal, sai dai ba mu saba ba mutum ita ba. Cewa muke wahala ta tsufar da shi, ciwo ya tsufar da ita, baƙin ciki ya tsufar da wane tun bai kai ba. Kalmar tausayi ce. Inna ta ɗauko ta ta miƙa wa mai fenti, ta kuwa zauna daram. Tun daga ranar, in aka tambayi yaron sai ya ce tsufarwa yake yi, kuma ban ga wanda ya nemi ƙarin bayani ba.

Kafin hutun ya ƙare na ce zan nuna masa na gaske. Akwai wani gidan sarauta a yankinmu da na taɓa shiga ina saurayi, aka fito mana da kwalkwalin kakansu. Na tuna ƙyallen ya koɗe har ba ka iya cewa ja ne ko ƙasa-ƙasa, tsumman ciki na leƙowa, tagullar ta yi duhu. A gefen tagullar akwai sara guda, mai zurfi, a karkace. Dattijon da ya riƙe shi ya ce takobi ne, ya faɗi wurin da aka yi karon da sunan dokin. Muka hau babur muka je. Dattijon ya rasu. Jikansa ya karɓe mu hannu biyu, ya shiga ya fito da kwalkwalin yana murna. An sake masa ƙyalle, sabon yadi mai walƙiya. An buge tagullar ta miƙe, an cike, an fesa mata fenti ruwan zinariya na gwangwani.

"Mun gyara shi saboda hawa," in ji shi.

Ɗan ƙanwata ya karɓa ya jujjuya, ya bi gefen da yatsa. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Kawu, ina saran?" Na tambayi mai gidan ko ya san labarinsa. Ya ce ya dai ji ana cewa akwai, amma wurin da sunan dokin sun tafi da tsoho.

Ban ga mugun nufi a wurinsa ba. Girmama kakansa ya yi da abin da ya sani. Amma na fito gidan nan da kalmar Inna ta ranar farko a bakina, kuma a wannan karon ta dace: an ɓata shi. Yaro ya kwashe mako uku yana ƙirƙiro tabo ɗaya da zai yi kama da gaskiya, ga na gaskiya an shafe shi da yamma ɗaya. Tsufarwa ana iya koyon ta, na ga an koya a zaurenmu. Saran takobin nan kuwa babu gwanin da zai mayar da shi, ko ya mayar kwaikwayo ne.

Mai karatu, in akwai kwalkwali ko sulke ko garkuwa ko tsohon sirdi a gidanku, daga Yelu har Argungu, daga Dosso har Katsina, ina roƙonka kada a kai shi wurin mai fenti. A ɗinka sabo don hawan salla, masu yi suna nan. Tsohon a kaɗe masa ƙura, a naɗe shi a busasshen wuri nesa da gara. Sannan ka ɗauki takarda ka zauna gaban wanda ya fi kowa shekaru a gidan, ka ɗora yatsa a kan kowane tabo ka tambaye shi, ka rubuta abin da ya ce tun yana nan.